Baƙuwa a Zauren Ɗana

Sai a wanki na uku baƙin ya fara saki. Ina tsaye a bakin famfon kicin, hantsi ya leƙo ta taga, tsohon buroshin goge baki a hannuna na dama, kwandalar a na hagu. Kumfar da ke bin yatsuna ta koma ruwan toka, can sai ga gefen fiffiken wani tsuntsu ya fito fari tas daga ƙarƙashin dattin. Ban san lokacin da na ce, "Yawwa, fito mu gan ka," da ƙarfi ba. Babu wanda ya amsa, don ni kaɗai ce a gidan, sai firji da ke ta gurnaninsa a lungu.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina wanke ƙarfe. Ni ba nas ba ce, ko da yake 'yan unguwa sun ƙi daina ce mini Sista har na gaji da gyara musu. Aikina a bayan ɗakin tiyata yake, a wani ɗan ɗaki mai famfo uku da tukunyar turara kayan aiki. Almakashi, hantsaki, wuƙaƙen likita, duk ta hannuna suke bi kafin su taɓa jikin mutum. A wurinmu, ɗigon tabo a jikin ƙarfe yana iya zama ajalin wani. Likitoci sun zo sun tafi, babu wanda ya taɓa dawo mini da tire ya ce a sake wankewa. Wannan kaɗai nake da shi na taƙama, kuma ina yin abata. To, mace irina a miƙa mata baƙin ƙarfe, me ake so ta yi da shi?

Wata guda kafin wannan safiyar na tsinci kwandalar. Famfon banɗaki ne ya dame ni da ɗiga, na jawo akwatin kayan gyara na mai gidana, Allah ya jiƙansa, ina neman sifana. Shekara shida rabon da a buɗe akwatin. A can ƙasa, cikin wani ɗan gwangwani, na same ta a naɗe cikin tsumma. Babba ce, ta cika tsakiyar tafin hannu, ga nauyi, ga ta baƙa ƙirin kamar gindin tukunya.

Mai gidana direban babbar mota ne, ya sha ƙetare iyakoki. Duk tafiyar da ya dawo, sai ya zazzage aljihunsa a kan tebur, ɗanmu ya tsince sulallan ƙasashen da ba a kashewa a wurinmu. Daga nan yaron ya kamu da son tara su. Shi kaɗai Allah ya ba mu, sunan mahaifina gare shi, don haka Babana nake ce masa har yau da ya fara furfura. Ban san dalilin da ya sa uban ya ɓoye wannan guda ɗayar ba. Wataƙila ya ajiye masa ne sai wata rana ta musamman, ranar ba ta zo ba.

Babana injiniya ne a wani gari mai tafiyar awa huɗu daga nan. Ba zan ce ya yar da ni ba, in na faɗi haka na yi masa ƙarya. Magani ba ya yanke mini, kuma duk Lahadi bayan la'asar wayata sai ta yi ƙara.

"Umma, ina wuni? Ya jiki? Kina shan maganin? To, madalla. Yara na gaishe ki. Sai mun yi magana."

Na taɓa duba agogo. Minti biyu ba ya cika. In na ja shi da labarin maƙwabta, ina jin ƙarar yatsunsa a kan wani abu daban, yana "uhm, uhm" a inda ba a "uhm". Sai in ji kunyar kaina in ce masa ya je ya huta.

Matarsa ce ta ɓaro mini zancen a waya, cikin ƙorafi. "Umma, ai mu ma ba ma samunsa. Yana dawowa daga aiki sai zauren nan nasu na masu tara tsoffin kuɗi a intanet. Shi ne ma shugabansu, Mai Gilashi suke ce masa. In kin ga rubutun da yake zubawa a can, sai ki rantse ba shi ba ne."

Na ajiye wayar, maganar ta ƙi fita daga raina. Ashe ɗana yana da baki. Wurin da yake buɗe shi ne ban sani ba.

* * *

Tela ce ta shigar da ni. A ƙasan benenmu shagonta yake, mace mai faɗa da fara'a a lokaci guda, allura a baki kullum. Ta karɓi wayata ta yi 'yan danne-danne.

"Mama, wane suna za a sa miki? Kowa a nan da sunan aro yake."

"Sa mini Baƙuwa."

"Hoto fa?"

"Bar shi babu. So nake in ba shi mamaki."

Ta dube ni ta saman tabarau ta yi dariya. "Wato leƙen asirin ɗanki za ki yi."

"Koyo zan yi," na ce. "In na iya yarensu, sai in yi masa magana da shi."

Dabarata ke nan, kuma a lokacin na ɗauka ta fi ta kowa. Zan zauna shiru in koya. In na ɗan waye, sai in ɗora hoton kwandalar ubansa. Shi kuma ya zubo bayanin nan nasa mai tsawo, ya gaya wa Baƙuwa ƙasar da aka buga ta da shekarar. In ya gama, sai in rubuta a ƙasa: Babana, ni ce. Na sha kwatanta yadda zai yi dariya, ya kira ni a ranar da ba Lahadi ba.

Mako uku na yi ina karatu. Da na gama karin safe, sai in goge tabarau in zauna a kujerar bakin taga. Mutum wajen dubu uku ne a zauren, amma masu magana ba su fi ashirin ba. Akwai Sarkin Azurfa, akwai Tsohon Hannu, akwai Mai Sikeli, sai ɗana a samansu. Ranar farko da na ga rubutunsa, sai da na karanta sau uku. Yana bayanin yadda ake gane jabu daga ƙarar da kwandala ke yi in ta faɗi a tebur, har da barkwanci a ciki, irin na ubansa sak. Na yi dariya, daga baya na ga ina share ido. Rabona da jin wannan muryar tun yana makarantar sakandare.

Na sayi ɗan littafi ina rubuta kalmominsu. Fuska da baya. Baki, wato gefen kwandala. Bugun farko. Na koyi cewa akwai wadda aka kashe a kasuwa da wadda ba ta taɓa shiga aljihu ba. Hotunan da manyan ke ɗorawa kuwa, yawancinsu cikin 'yan gidajen roba suke, suna walƙiya har su kashe ido. Jefi-jefi wani ya ɗora mai duhu, su yi ta yaba mata da kalmomin da ban gane ba. Ni dai a raina nakan ce, wannan bawan Allah ko ɗan sabulu ba shi da shi.

A mako na biyu wani sabon shiga ya yi tambaya. Ya ce shi malamin firamare ne, ya gaji wasu sulalla, yaya ake bambance azurfa da farin ƙarfe? Tambaya ce mai kyau, ni ma ina son amsarta. Sarkin Azurfa ya ce masa ya ciza ya gani, in haƙori ya karye to ba ita ba ce. 'Yan fuskokin dariya suka yi ta zubowa, na ƙirga har arba'in na bari. Tsohon Hannu ya ce an fara, ɗaliban share fage sun shigo. Ina jira ɗana ya tsawatar, ai shi ne babba. Sai ga nasa: "Malam, kai da kake koyarwa ka fi kowa sanin ana karatu kafin a ɗaga hannu."

Kafin azahar malamin ya fice daga zauren. Babu wanda ya ba shi amsa. Abin ya sosa mini rai, amma na yi abin da uwa ke yi, na nema wa nawa uzuri. Na ce ya gaji ne, aiki ya yi masa yawa. Ban rubuta komai ba, ni da ko gaisuwa ban taɓa yi a wurin ba.

Sai dai abin ya bar mini tsoro. Ranar da na yanke shawarar ɗora tawa, na dubi baƙinta na ji wani ɗan kokwanto. Na rubuta: "Don Allah, ana wanke su kafin a ɗauki hoto?" Na tsaya ina kallon layin. Na tuna fuskokin dariya arba'in. Na goge. Bayan la'asar na sake rubutawa, na ƙara da "ku yi haƙuri da jahilcina", na sake gogewa. Washegari ma haka. Daga ƙarshe na ce wa kaina, ke da kika shekara talatin kina wanke ƙarfe, yau ke ce za ki tambayi yara yadda ake yi? Gaskiyar magana kuwa ba girman kai ba ne. Ba na son abin da ɗana zai fara ce mini a zaurensa ya zama gatse.

Kwana biyu na yi a kanta. Ruwan ɗumi da sabulu, sannan man goge baki da buroshi, sannan na sauka kanti na sayo man goge ƙarfe. Na bi tsakanin gashin tsuntsun da tsinke da auduga, yadda nake bin haƙoran hantsaki. Da na gama, har fuskata nake gani a jikinta. Tsuntsu a gefe ɗaya, jirgin ruwa a ɗayan, da wani rubutu da ba na iya karantawa. Na daɗe ban yi aikin da ya faranta mini rai haka ba.

* * *

Ranar Talata da hantsi na ɗora ta a tafin hannuna a bakin taga, na ɗauki hoton fuska da baya. Da farko na rubuta cewa ta marigayi mai gidana ce, sai na ga hakan zai tona ni tun ba a je ko'ina ba, na cire. Abin da na tura shi ne: "Salamu alaikum. Ni sabuwa ce a cikinku. Na tsinci wannan cikin kayan gida. Ta yi baƙi sosai, sai da na kwana biyu ina gogewa kafin ta fito. Don Allah ta wace ƙasa ce?"

Na ajiye wayar a kan tebur na shiga share ɗakin da na riga na share. Ban kai ƙofa ba ta fara ƙara.

Sarkin Azurfa ne na farko. Salati kawai ya rubuta, irin wanda ake yi in an ji mutuwa. Tsohon Hannu ya biyo: "Baiwar Allah, da me kika goge? Da yashi ko da dutsen niƙa?" Wani ya ce a kawo likkafani. Wani ya ce in akwai saura a gidan, don Allah 'yan uwa su ɓoye mata su. Wani ya ɗora hoton murfin tukunya ya ce shi ma ga tasa, ta wace ƙasa ce? Na zauna a bakin gado, tsintsiya a hannu, ina karantawa ban gane laifina ba. Sai a sharhi na goma sha wani abu na tsinci bayanin, shi ma cikin zagi. Ashe baƙin nan da na kankare shi ne abin so. Riga suke ce masa. Shekaru ne ke saƙa shi a hankali, shi ke shaida cewa kwandala ta tsufa da mutuncinta, kuma in aka cire shi ba ya dawowa. Masu walƙiyar da nake gani kuwa ba wanke su aka yi ba, tun fil azal ba su taɓa yin datti ba. Kowa a zauren ya san ba a gogewa. Sanin ya yi musu yawa har babu wanda ya ga dalilin faɗa.

Duk da haka ban karaya ba. Na ce bari babbansu ya zo. Na san lokacin da yake fita cin abincin rana, na zauna ina jiran ƙarfe ɗaya.

Ɗaya da kwata ya rubuto. Ya yi tsawo, yadda na yi fata. Ya faɗi ƙasar, wadda ya ce yanzu ma babu ita, an raba ta. Ya ce a wannan shekarar kaɗan aka buga, yawancinsu kuma an narkar. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana neman irinta, sau ɗaya ya taɓa riƙe ta a hannu. Daga nan ya sauko kaina.

"Wannan kwandala ta tsallake yaƙi, ta tsallake wuta, ta bi ta hannun mutanen da ba su san karatu ba amma suka san su bar ta yadda take. Sai yau ta zo ta mutu a hannun wata mai buroshi. Baiwar Allah, ba kwandala gare ki yanzu ba, marfin kwalba ne mai sheƙi. Akwai mutanen da bai kamata a bar su kusa da tsohon abu ba. Shawarata, ki koma kan tukwanenki, a can wannan ƙwazon zai yi amfani."

Fuskokin dariya ɗari da wani abu. Ya kuma maƙala hoton a saman zauren, inda duk wanda ya shigo zai fara gani, ya sa masa take: Darasin Mako.

Na karanta har ƙarshe, don ɗana ne ya rubuta, kuma ya iya rubutu. Akwatin amsa na buɗe a ƙasa. Kalmomi ukun da na yi wata guda ina tanadi suna bakina. Na kife wayar a kan katifa, na tashi na ƙarasa sharar.

Da yamma saƙo ya shigo ta gefe, inda babu mai gani sai ni. Mai Sikeli ne.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Kusan dukanmu mun taɓa yin wannan kuskuren. Ni tawa ta farko da lemon tsami na wanke ta. Shi kansa Sarkin Azurfa ya lalata fiye da biyar."

Na gode masa. Sannan na tambaye shi me ya hana shi faɗin haka a gabansu.

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Abin da ya iso a ƙarshe gajere ne: "Kin san halin zaure."

Ban ga laifinsa sosai ba. Ni ma ranar malamin firamare ai shiru na yi.

* * *

Tela ce ta hawo da kanta kwana biyu bayan haka, ta ce ba ta ji motsina ba. Na miƙa mata wayar. Tana karantawa tana cire allurai daga baki tana soka su a gaban rigarta, alamar magana na tafe.

"Kan uba! Mama, ba ni izini in shiga in wanke su tas, tunda wanki ne ba sa so. Wane ne wannan mai azurfar? Wallahi daga gani ko mata ba shi da ita."

"Bar su."

"Shi kuma naki fa? Ki kira shi yanzun nan ki gaya masa uwarsa ya tura kan tukwane."

"In ce masa me? In ce abin da ya shekara goma sha ɗaya yana nema yana cikin akwatin ubansa, ni kuma na kashe shi da man goge baki?"

"Ai ba ki sani ba ne!"

"Ko na sani ko ban sani ba, ta lalace." Na karɓi wayata. "In na faɗa masa, abu biyu zan ɗora masa. Baƙin cikin kwandalar, da kunyar abin da ya rubuta. Mutum in yana jin kunyarka, gudunka yake yi. Minti biyun ma sai in rasa."

Ta zare alluranta daga gaban riga ta mayar baki. Da za ta sauka ta ce in na ga dama in riƙa zuwa shago ina zama, akwai kujera. Na ce to. Na je sau ɗaya, ƙarar keken ɗinkin ta hana mu jin juna.

Ban fita daga zauren ba. Na san ya kamata, amma a ina kuma zan riƙa jin muryarsa? Kullum da safe sai in wuce hotona a sama da sauri, in gangara in nemi abin da ya rubuta. Sunan Baƙuwa ya zama abin wasa a wurin. Duk sabon da ya shigo, sai a ce masa, "Kar dai ka yi mana irin ta Baƙuwa." Na lura sababbin ba sa tambayar komai. Su shigo, su yi shiru, wasu su ɓace. Nakan yi tunanin mutum nawa ne a cikin dubu ukun nan suke tsaye a bakin famfo da buroshi a hannu.

Kwandalar kuwa na mayar da ita cikin tsummanta. Na kasa mayar da ita akwati, na kasa kallonta. Sai ta koma zama a aljihun rigata, ina jin nauyinta a cinya duk inda na juya.

* * *

Ranar Alhamis ta mako na biyu da ɗora hoton, wajen ƙarfe uku, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na gan shi tsaye da leda a hannu, makullin mota a ɗayan.

"Umma, aiki ne ya kawo mu nan kusa. Ba zan zauna ba, ina so in koma da haske."

"Ko shayi ba za ka sha ba, Babana?"

Ya dubi agogo. "To, rabin kofi."

Ya zauna a bakin kujera, irin zaman wanda ƙafarsa ɗaya ke waje. Ya tambayi jiki, ya tambayi magani, ya ce yara na gaisuwa. Na ga mun kusa ƙare abin da muke da shi, shayin ma bai huce ba. Na zauna a ɗaya gefen teburin. Na ce, "Ya sulallanka? Har yanzu kana tarawa?"

Ya ɗago da mamaki. Ban taɓa tambayarsa ba, sai yanzu na gane haka.

"Ina tarawa mana. Kai, Umma, bari ma in ba ki labarin wani abin takaici."

Ya ajiye makullin a kan tebur. Ya gyara zama har bayansa ya taɓa kujera. Ya fara daga farko: ƙasar da aka raba, shekarar da aka buga kaɗan, tsuntsun da jirgin, wani tsoho da ya taɓa ba shi irinta ya riƙe na minti ɗaya. Hannuwansa na yawo a iska kamar na ubansa in yana ba da labarin hanya. Na ƙara masa shayi bai lura ba, ya shanye. Sannan ya zo kan wata mata da ta shigo zaurensu, ya kwaikwayi yadda yake jin muryarta, siririya, ta marasa wayo: "Sai da na kwana biyu ina gogewa!" Ya yi dariya har da buga tebur.

Na taya shi. Allah ya sani na taya shi, don rabon da a yi dariya a ɗakin nan da murya biyu na manta.

"To ita da ba ta sani ba," na ce, "da yaya za ta yi?"

"Ta tambaya mana."

"Ta tambayi wa?"

"Mu. Ai don haka muke wurin." Ya faɗe shi da zuciya ɗaya, babu alamar wasa. "Matsalar mutane ke nan, Umma, ba sa tambaya."

Hannuna na dama na cikin aljihu, a kan tsumman. Sau biyu na kama shi, sau biyu na saki. Na dubi agogon bango ta gefen ido. Minti arba'in da biyar yana magana da ni.

"Bari ki gani da idonki," ya ce. Ya jawo kujerarsa kusa da tawa har kafaɗarmu ta haɗu, na ji ƙamshin sabulunsa. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya buɗe hoton, ya ja shi da yatsu biyu ya ƙara girma. "Kin ga waɗannan 'yan layukan? Sawun buroshi ne. Nan kuma tsinke ta sa, kin ga inda ya karce. Ni daga hoto nake gane komai, ko karcen da bai kai gashi ba."

Ya ja hoton gefe don ya nuna mini bakin kwandalar, sai tafin hannun da ke riƙe da ita ya cika fuskar wayar. Ban taɓa lura ya fito haka ba. Ga layukan, ga busasshiyar fatar da sabulun asibiti ya cinye. A gindin babban yatsa ga tabon ƙuna mai siffar jinjirin wata, inda murfin tukunyar turara kaya ya kama ni yana ɗan shekara biyar. Shi ya riƙa hura mini shi kullum da safe har ya warke, wai kar ya yi mini zafi a wurin aiki.

Hannuna na hagu na kan teburin, a buɗe, bai kai taƙi ɗaya daga wayar ba. Ban janye shi ba. Na bar shi a wurin, ina kallon gefen fuskar ɗana, ina jira.

Ya ga idona ba ya inda yake nunawa. Ya sa yatsa a kan tabon da ke cikin hoton, ya ture shi gefe har ya fita daga fuskar wayar.

"Manta da hannun, Umma," ya ce. "Kwandalar za ki duba."

Na sauke hannuna kan cinya, na gyara tabarau, na duba kwandalar.